Filin Tambaya da Amsa: Macijin gata a cikin gida, za a iya haɗa biyu a akwati ɗaya?

Jama'a assalamu alaikum. Tun da muka taɓo maganar ajiye kunkuru a gida kwanakin baya sai wasiƙu suka fara shigowa daga 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka, kuma abin mamaki ba kunkurun suke tambaya ba, maciji ne. Eh maciji, a ɗaki, cikin akwatin gilashi, ana ba shi abinci kamar kyanwa. Na san akwai wanda yana karanta layin nan zai ɗage ƙafarsa daga ƙasa, ban ga laifinsa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Amma Allah ɗaya gari bamban, yaranmu da aka haifa can suna ganin abokan makarantarsu da shi su ma su ce sai an saya musu. Macijin da wasiƙun ke magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira garter, mu dai mu ce masa gata, don wanda ake kunna wa fitilar ɗumi a kuma narkar masa da kifi daga firiza ai ɗan gata ne.

TAMBAYA: Salam Dakta, dan Allah a taimaka min. Ni uwa ce a nan Manchesta, ɗana ɗan shekara 13 ya dame mu har babansa ya saya masa macijin nan gata a shagon dabbobi, wata bakwai kenan, ni ko ɗakin ba na shiga wallahi. Yanzu kuma ya zo da sabon zance wai kaɗaici na damun macijin a ƙaro masa ɗan'uwa su zauna tare. Ni a sanina maciji ba ya zama da maciji, kar mu wayi gari ɗaya ya haɗiye ɗaya, yaro ya zo yana mana kuka. Gaskiya ne zancen yaron ko wayo yake mana? Daga wata uwa, Manchesta, Ingila.

AMSA: Hajiya, wayon akwai, gaskiyar ma akwai. Abin da kika sani daidai ne a kan yawancin macizan da ake kiwo, kowa akwatinsa daban, wasunsu ma abincinsu ke nan cin 'yan'uwansu. Amma gata ya fita zakka, shi yana cikin 'yan kaɗan ɗin da masu kiwo suka daɗe suna haɗawa biyu ko uku kuma a zauna lafiya.

Dalilin yana can inda ya fito. Macijin nan ɗan Arewacin Amurka ne, daga Kanada har gangarowa Amurka ta Tsakiya, dangin nasu masana na kiransu Thamnophis kuma sun haura iri 30. A wuraren da sanyi ke tsanani ba ya iya kwana a fili lokacin hunturu, dole ya shige ƙarƙashin ƙasa inda ƙanƙara ba ta kaiwa, irin waɗannan ramuka kuwa ba su da yawa, don haka sai kowa ya taru a wuri ɗaya. Akwai wani waje a lardin Manitoba na Kanada da ake kira Narcisse, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota arewa da birnin Winnipeg, can dubun dubatar macizan gata masu jan gefe suke kwana tare cikin ramukan dutsen farar ƙasa duk tsawon hunturu, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu su fito gaba ɗaya, ƙasa ta yi ta motsi kamar taliya a tukunya, mace ɗaya maza da yawa sun nannaɗe ta sun zama dunƙule. Mutane har da yara 'yan makaranta ake kwasa zuwa kallo, hukuma ma ta yi wa macizan ƙananan hanyoyi a ƙarƙashin titi saboda motoci sun yi ta take su. Ke dai na san ko kyauta aka ba ki tikiti ba za ki je ba.

Kuma ba sanyi kaɗai ke haɗa su ba. A 2020 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Wilfrid Laurier da ke Ontario, Morgan Skinner da Noam Miller, suka ɗauki ƙananan macizan gata 40 suka raba su goma-goma, kowane rukuni aka sa su a fili mai maɓoya huɗu, ana kwashe su a goge wurin a mayar da su a warwatse, amma sai a ga kowane ya lallaɓa ya koma wajen waɗanda ya saba kwanciya da su. Wato suna da waɗanda suka fi so a cikin taron. To kin ga yaronki bai yi ƙarya ba ta nan. Inda ya ƙara gishiri shi ne cewa kaɗaici na damunsa, gata guda ɗaya yana rayuwarsa lafiya lau shi kaɗai, ya ci ya yi saɓa ya shekara takwas ko goma ba abin da ya same shi. Ƙarin na biyu ba dole ba ne, yaron ne dai ke so.

In kun yarda za ku ƙaro, ga inda za ki tsaya masa da ƙafa biyu. Girmansu ya zo ɗaya, kar a sa ɗan jariri kusa da babba, don babban in yunwa ta taso ba ya tambayar dangantaka. Irinsu ma ya zama ɗaya, kuma ku tambayi mai shagon sunan irin da kuka saya tun farko, saboda akwai na yammacin Amurka da ake kira Thamnophis elegans wanda an san shi da haɗiye 'yan'uwansa, shi kam a bar shi shi kaɗai ya fi. Sannan jinsi, wannan shi ne abin da mutane ke mantawa har sai abu ya faru. Gata ba ya ƙwai, haihuwa yake, kuma mace ɗaya tana iya zubo 'ya'ya 10 zuwa 40 a lokaci guda, kowane siriri kamar igiyar takalmi, kowane kuma da bakinsa na cin abinci. Ki duba ɗakin yaronki ki ƙiyasta. Don haka mata biyu ko maza biyu, kuma a kai wa likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki ya tabbatar, kar a dogara da na ce maka na mai shago. Mazan ba sa faɗa da juna kamar zakaru, wannan ba matsala ba ne. Ko macen da aka sayo babba ma a kula, tana iya zuwa da ciki ko da maniyyin namiji a ajiye a jikinta na watanni, sai ta haihu kuna ta mamakin ina ubansu.

Sabon da za a kawo kar ya shiga akwatin tsohon ranar da ya zo. A killace shi a wani akwatin daban, in da hali a wani ɗakin ma, wata biyu zuwa uku, a shimfiɗa masa farar takarda a ƙasa don a ga kashinsa a kuma ga ko yana da ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan masu shan jini da ke maƙalewa a gefen ido da ƙarƙashin haɓa. Wannan na nufin dole dai ku mallaki akwati biyu, kuma na biyun kar a sayar da shi bayan an haɗa su, ranar da ɗaya ya kamu da ciwo ko ya daina ci can za a mayar da shi.

Akwatin haɗin kuwa ya kai tsawon santimita 120 ga manya biyu, don gata ba irin macijin da ke naɗewa a lungu ya wuni ba ne, da rana yake yawo yana leƙe-leƙe. Maɓoya ta fi yawan macizan, wasu ɓangaren ɗumi wasu ɓangaren sanyi, ƙarƙashin fitila zafi ya kai digiri 29 zuwa 32, ɗaya gefen kuma 22 zuwa 24, da kwanon ruwa mai faɗi da za su iya shiga su jiƙa amma shimfiɗar ƙasan ta zauna a bushe, in ta daɗe a jiƙe ƙuraje suke fitowa a cikinsu. Macizai biyu kashi biyu ne, kuma kashin mai cin kifi ruwa-ruwa ne ga wari, ki sa yaron ya yi alkawarin shara a gaban babansa. Murfi kuma mai makulli Hajiya, duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi, na san kuma ranar da kika gan shi a kicin sai maƙwabta sun ji muryarki.

TAMBAYA: Dakta barka da aiki. Ina da gata biyu mata irin masu zanen dara ɗin nan na nan Texas, shekara ɗaya suna tare ba ko faɗa, shekaranjiya na sa musu kifi a faranti ɗaya kamar kullum sai suka kama yanka ɗaya, wannan ta kama nan waccan ta kama can, kafin in ankara babbar ta kai bakinta kan ƙaramar har idonta ya shige. Da ƙyar na raba su hannuna na rawa. Shi ke nan sun zama abokan gaba in raba su har abada? Daga wani ɗalibi, Hustan, Amurka.

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya kiyaye gaba, ka yi sa'a kana tsaye. Ba gaba ba ce, babbar ma ba ta san ta yi laifi ba. Haƙoran maciji baya suke kallo, kuma in ya fara haɗiya ba ya duba ina abincin ya ƙare ina 'yar'uwa ta fara, shi dai yana ta jan muƙamuƙi gaba, ga kuma kan ƙaramar duk warin kifi, a wajenta ci gaban kifin ne kawai. Kusan duk labarin da za ka ji wai gata ya cinye gata a akwati in ka bi diddigi a wajen cin abinci abin ya faru, kuma laifin farantin nan guda ɗaya ne.

Daga yau kowacce a fito da ita a sa ta a robarta mai murfi da 'yan huji, ta ci nata can. In ba ka son ɗaga su to ka ba su da hantsaki dogo, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan, yanka ƙanana da za a haɗiye nan take, kana tsaye har su gama, ba wai ka ajiye ka tafi ɗaga waya ba. Bayan sun ci ka bar su kamar minti 20 zuwa 30 kafin ka haɗa, in kan wata ya shafi kifi ka goge mata da tsumma mai ɗan ruwan ɗumi, don gata da harshe yake shinshina duniya kuma yana gama ci yana nan a kunne, duk abin da ya motsa mai ƙarni sara zai kai masa har yatsanka.

In Allah ya sa abin ya sake faruwa kar ka ja su ta wutsiya, za ka yage fata ka karya haƙora. Ka kai su ƙarƙashin famfo ka sakar musu ruwa mai ɗan sanyi a kai, sau da yawa mai riƙon za ta saki da kanta, in ta ƙi sai ka zura wani siririn kati a hankali ta gefen baki ka tura kanta gaba tukuna haƙoran su zare. Ita ƙaramar yanzu ka ware ta mako biyu a kan takarda, ka duba idon da wuyan, in ka ga kumburi ko ruwa na fita a kai ta asibitin dabbobi. Ka kuma auna su a sikeli, ka ce babba da ƙarama, in tazarar ta yi yawa to ƙaramar ta daɗe ana cinye mata rabo ba ka lura ba, kar ka mayar da ita sai ta kamo.

TAMBAYA: Malam ina gaisuwa. Macijina wata biyar jajayen kifin ado nake saya masa masu rai saboda su yake so, yanzu yana karkata kai yana birgima kamar mai farfaɗiya, in ya kai sara ma ba ya samun kifin. Wani abokina ya ce iska ce. Daga wani ɗan Kumasi mazaunin Hambug, Jamus.

AMSA: Ba iska ba ce Alhaji, kifin ne, kuma ka ajiye mujallar nan ka nemi likitan dabbobi yau ba gobe ba. Jan kifin ado da wasu danginsa suna ɗauke da wani sinadari da ake kira tayaminis wanda ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya ci, macijin da ya daɗe a kansu sai jijiyoyinsa su fara taɓuwa, alamun su ne waɗannan da ka lissafa. In an kama shi da wuri allurar bitamin ɗin tana dawo da shi, in aka yi jinkiri mutuwa yake.

In ya warke ka canza masa cima. Tana tana da kyau, amma manyan nan na lambu ko na masunta, ban da ƙananan jajayen da ake kiwo a juji don yin taki, waɗannan suna sa shi amai ko su cutar da shi. Kifi kuma karfasa ko salmon a yanka, sai dai tsokar kifi zalla ba ƙashi ba kayan ciki ba ta ƙosar da shi, a riƙa barbaɗa mata garin kalsiyam. Abin da ya fi duka cika shi ne jariran ɓeraye daskararru da ake sayarwa a shagunan dabbobi, a narkar da su a ruwan ɗumi, in ya ƙi karɓa a goga musu kifi su ɗauki ƙarni, bayan 'yan lokuta zai saba. Kwaɗon da aka kamo a waje kar ka ba shi duk da a daji abincinsa ne, tsutsar ciki yake kawowa. Shawara ta ƙarshe kuma ba ta likita ba ce, ka nemi wata roba mai rubutu ka riƙa sa ɓerayen a ciki kafin su shiga firizar gida, in uwargida ta buɗe neman kaza ta ci karo da su ba ruwana.

TAMBAYA: Dakta ni ina nan gida Najeriya, ina ganin bidiyon macizan nan a Facebook yara na wasa da su a hannu sun burge ni. A gonarmu akwai wani siririn maciji mai layi-layi a baya sak irinsu, in na kama biyu zan iya kiwonsu? Kuma wai da gaske ba su da dafi? Daga wani matashi, Zariya.

AMSA: Ƙanena kar ka taɓa shi. Babu gata a dajin Najeriya ko Nijar ko ko'ina a Afirka, duk mai layin da ka gani a gona wani ne daban. Masu layin da suka fi yawa a yankinmu dogayen nan ne masu gudu kamar walƙiya, suna da dafi a haƙoran baya kuma ƙadangaru da wasu macizan suke ci, ka haɗa biyu ka wayi gari da ɗaya mai ƙiba. Akwai ma wani abin da ya fi wannan haɗari, a Turance akwai macizan Afirka da su ma ake kira garter, masana na ce musu Elapsoidea, su kuwa dangin kumurci da gamsheƙa ne, suna kawai suka haɗa da na Amurka. Mutum ya karanta a intanet wai garter ba ya cutarwa ya je ya sa hannu, ka ga an samu matsala. Kuma gonar da kake ganin mai layin nan ita ce gonar kububuwa da kasa, ka tambayi mutanen Kaltungo a jihar Gombe yadda asibitin saran maciji na garin ke cika da manoma duk damina. Gardawan da kake gani a kasuwa da maciji a wuya ma sana'ar gado ce, kuma su ma ana saransu.

Zancen dafi, na Amurkan yana da ɗan abin da ba a rasa ba. An daɗe ana cewa ba shi da shi sam, daga baya aka gano yawunsa na da ɗan dafi mai rauni da ke taimaka masa kan kwaɗo da kifi, ga mutum kuwa iyakarsa ƙaiƙayi ko ɗan kumburi in ya daɗe yana tauna. Makaminsa na gaske wani ruwa ne mai ɗoyi da yake fesowa daga gindin wutsiya in ya tsorata, sabulu ɗaya ba ya fitar da shi. Abin da ya fi saran damuna shi ne ƙwayar salmonela da masu jan ciki ke ɗauke da ita a kashinsu, tana sa zawo da zazzaɓi, shi ya sa ake wanke hannu bayan an taɓa shi, ba a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanke, kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ko mai ciki su riƙe shi. Hajiyar Manchesta wannan har da ke.

In kuma tunaninka a yo maka odarsa daga waje ne, ka tuna macijin da ke neman digiri 22 zuwa 24 a gefen akwatinsa ne za ka kawo garin da Afrilu ke kai 40, wuta kuma ta ɗauke tun safe, ɗakin kwano ya dafa shi kafin la'asar. Ga takardun shigo da dabba, ga ba shagon da za ka samu daskararrun ɓeraye, ga maƙwabta da in suka ji kana da maciji a ɗaki sunan da za su sa maka daban ne. Ka ma fara zuwa wajen malaminku da tambayar, don malamai da yawa ba su yarda da saye da ajiye maciji ba, wannan kuma fagensu ne ba nawa ba. In dabba mai sanyin hali kake so a cikin keji, zomo na nan a kasuwar Sabon Gari, ka sayi mata biyu, su ma ka tabbatar mata ne.